Iskar taya bayan komawa radiyal: lambar littafi, ta kamfanin taya, ta gefen taya, ko gwajin zafi?

Mai babur da ya cire tayoyin bayas ya ɗaura radiyal (nau'i biyu ne na taya, bambancinsu a yadda aka jera zaren da ke cikin roba) yakan tsinci kansa tsakanin lambobi uku ko huɗu da suka saɓa wa juna. Takardar da ke liƙe a jikin babur ta faɗi tata. A gefen sabuwar tayar an rubuta psi 42 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). Mai facin da ya ɗaura ta ya ba ta iya abin da hannunsa ya saba. Abokan hawa kuwa, wani ya ce a ƙara tunda radiyal ce, wani ya ce a rage, shi ma tunda radiyal ce. Abin da ake jayayya a kai 'yan psi kaɗan ne, amma a babur wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma a nan birki da shan kwana duk suka dogara.

Tun daga farko ga inda na tsaya: harafin R da ke jikin taya, alamar radiyal, ba shi ke yanke lambar ba. Nauyin da tayar ke ɗauka, girmanta, da zafin da take yi a kan hanya, su ke yankewa. Hanyoyin da za mu auna duk ƙoƙari ne na kaiwa ga waɗannan abubuwa uku, wata ta kai, wata ta tsaya a hanya.

Abin da ya canza a cikin tayar

A tayar bayas, zaren da ke cikin roba shimfiɗa-shimfiɗa ne, kowace shimfiɗa ta gitta ta ƙasanta a karkace, daga wannan baki na rim zuwa wancan. Gefen tayar da samanta jiki ɗaya ne, in gefe ya lanƙwasa, wurin da ke taka ƙasa ma sai ya motsa. Shimfiɗun suna gugar juna, gugar nan kuma ita ke kawo zafi. A radiyal zaren ya tsallaka kai tsaye, digiri 90 da inda tayar ke gungurawa, sannan aka ɗaure samanta da ɗamarar wayar ƙarfe ko wani zare mai ƙarfi da ake kira aramid. Gefe yana aikinsa daban, sama yana nasa daban. Kamfanin Michelin ya yi rajistar wannan fasaha a 1946 saboda motoci, ba ta iso babura ba sai shekarun 1980, lokacin da Pirelli da Michelin suka fitar da nasu, domin manyan babura sun fara gudun da bayas ke ɗaukar zafi fiye da kima.

Abu biyu ne suka shafi iska a nan. Radiyal ba ta zafi kamar bayas a gudu ɗaya da nauyi ɗaya. Sannan shimfiɗunta ba su da yawa, saboda haka iska ce ke ɗaukar kusan dukan nauyin, ba taurin roba ba. Tayar bayas mai kaurin gefe tana iya ɓoye ƙarancin iska na ɗan lokaci. Radiyal ba ta ɓoyewa a tuƙi, amma tana ɓoyewa ga ido: gajeren gefenta yakan nuna kamar lafiya lau alhali iskar ta ragu sosai.

Ka duba rubutun girman don ka tabbata abin da ka saya. 100/90-19 bayas ce, 130/90B16 bayas ce mai ɗamara, 120/70ZR17 ko 150/70R18 radiyal ce.

Ma'aunin da za mu bi

Abu huɗu zan duba a kowace hanya. Na farko haɗari, wato riƙon ƙasa a birki da kwana, da yiwuwar tayar ta yi zafi har ta lalace daga ciki. Na biyu daɗewar taya. Na uku abin da hanyar ke ci, ko kuɗin kayan aiki ko na tayar da ta ƙare kafin lokacinta. Na huɗu sauƙi: shin mutum zai iya bin ta kowane mako ba tare da ya gaji ya watsar ba?

Akwai sharaɗi guda da ya hau kan dukansu. Duk lambar da kamfani ya rubuta, ta taya mai sanyi ce, wato babur ya yi kamar awa uku a ajiye a inuwa, ko bai yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya ko biyu a hankali ba. Iska tana hawa kusan psi 1 a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos. Tayar da aka auna da asuba a digiri 20 za ta nuna ƙarin psi 2 zuwa 3 da rana a digiri 35, ko babur bai motsa ba. In gejinka bar yake nunawa, bar 1 daidai yake da psi 14.5 ko kPa 100, saboda haka psi 36 shi ne bar 2.5, psi 42 kuma bar 2.9. Ka mallaki gejinka na kanka, ka riƙa aiki da shi kaɗai. Gejin da ke jikin bututun famfo yana shan faɗuwa da jifa, ba abin mamaki ba ne ya yi kuskuren psi 2 ko fiye.

Zaɓi na farko: lambar littafin babur

Ita ce a cikin littafin mai babur, ko a takardar da aka liƙa kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ko murfin sarƙa. Waɗanda suka ƙera babur ɗin sun san nauyinsa, sun san yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya, sun gwada shi da shokozobarsa. Ba ta cin ko sisi, babu abin da ya fi ta sauƙi, kuma sau da yawa tana ba da lamba biyu, ta mutum ɗaya da ta mai goyo da kaya. Manyan baburan kwalta na zamani da yawa, musamman na Japan, suna nuna psi 36 gaba, 42 baya.

To ina matsalar? Lambar ba ta babur kaɗai ba ce, ta babur ce haɗe da tayar da aka gwada shi da ita. In babur ɗinka na zamani ne, girman radiyal ɗin da ka saka kuma daidai yake da wanda littafi ya ambata, ko littafin ma ya lissafa radiyal cikin tayoyin da ya amince da su, ka gama, bi littafi. Amma in babur ɗin na shekarun 1970 ko farkon 1980 ne, labari ya sha bamban. Littattafan wancan zamani da yawa suna ba da ƙasa da psi 30, domin tayoyin lokacin masu taurin gefe ne ƙwarai. Ka zuba wannan a radiyal ta yau, sai ka ji kan babur ya yi nauyi, yana ƙin kwanciya a kwana, yana neman miƙewa da zarar ka taɓa birkin gaba. Gefunan tayar za su riga tsakiyarta cinyewa, ta gaba ta fara tudu da kwari a kan zanenta, mai ya ƙara tafiya, rami kuma ya samu hanyar kaiwa ga rim. Mafi muni shi ne zafin da ba a gani, wanda ke raba roba da zare sannu a hankali a doguwar tafiya.

Haka kuma in ka canza girma yayin komawa radiyal, misali ka faɗaɗa ta baya, lambar littafi ta zama wurin farawa kawai, tunda yawan iskar da tayar ke ɗauka ya canza.

Zaɓi na biyu: shawarar kamfanin taya ga irin babur ɗinka

Manyan kamfanonin taya irin su Michelin, Pirelli, Metzeler, Bridgestone, Dunlop da Continental suna da jadawalin da ake duba sunan babur da shekararsa a ga tayar da ta dace da shi, wasu har da iskar da za a ba ta. Ga babur na zamani, yawanci lambarsu ita ce ta littafi, su da kansu sukan ce a koma gare shi. Inda suke da amfani na gaske shi ne tsohon babur. Continental, alal misali, tana yin radiyal musamman saboda tsofaffin babura masu siririn rim, irin ContiClassicAttack mai girma kamar 100/90R19. Wanda ya ƙera irin wannan taya ya san an yi ta ne don baburan da littafinsu ya tsufa, kuma lambar da zai ba ka galibi takan ɗara ta littafin.

Kuɗi ba ta ci, sai dai lokaci: bincike a intanet, ko rubuta wa sashen fasaha na kamfanin a jira amsa. Ta fuskar haɗari da daɗewa, a ganina babu wadda ta kai ta ga wanda ya sauya nau'in taya, domin ita kaɗai ce ta san tayar da ke ƙasanka yanzu. Rauninta shi ne ba kowane babur ke cikin jadawali ba. In ka duba ba ka ga naka a ƙarƙashin wata radiyal ba, kar ka ɗauka mantuwa ce kawai. Wani lokaci amsar ke nan: kamfanin bai amince a haɗa su ba.

Zaɓi na uku: lambar da ke gefen taya

Wannan ita ta fi jan mutane, tunda ga ta nan a rubuce, ba sai an nemi littafi ba. Amma a karanta jimlar gaba ɗayanta. Cewa take yi tayar za ta ɗauki iyakar nauyi kaza in an ba ta iska kaza tana da sanyi. Ba ta san babur ɗinka ba, taya iri ɗaya tana hawa babura goma masu nauyi daban-daban.

Mu yi lissafi. Tayar gaba 120/70ZR17 mai lambar nauyi 58 (lambar da ke jikin taya mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka) tana ɗaukar kilo 236 a psi 42. Ta baya 180/55ZR17 mai lamba 73 tana ɗaukar kilo 365. Mu ƙaddara babur mai kilo 200 da direba mai kilo 80. Jimla kilo 280, kuma abin da ke kan tayar gaba bai kai rabin haka ba, wato ƙasa da kilo 140. Me zai sa ka ba ta iskar kilo 236? Abin da za ka samu shi ne wurin taɓa ƙasa ya ƙanƙance, tayar ta daɗe ba ta ɗumama ba, kowane tsakuwa ka ji shi a hannu, birkin gaggawa a jiƙaƙƙiyar kwalta kuma ya zama abin fargaba. Tsakiyarta ma ita za ta fara suɗewa.

A baya kuwa hukuncin ya fi sassauci. Goyo da jaka kusan duk a kan tayar baya suke sauka, shi ya sa a babura da yawa lambar littafi ta baya ta zo daidai da ta gefen taya, 42. Saboda haka wannan lamba tana da aiki biyu: rufi ce da ba a wucewa a sanyi, kuma ita ce ta tayar baya ranar da aka yi lodi sosai. A matsayin lambar kullum ta gaba, ban ga hujjarta ba.

Zaɓi na huɗu: gwajin hawan iska daga sanyi zuwa zafi

Masu son ƙwaƙwaf a nan suke. Ka auna da sanyi, ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 irin wadda ka saba, da nauyin da ka saba, ka tsaya ka auna nan take. Dabarar ita ce tayar da iskarta ta yi kaɗan tana yawan lanƙwasa, ta yi zafi, iskar ta hau da yawa. Wadda ta cika tauri ba ta lanƙwasa, iskar ba ta hawa sosai. Ƙa'idar da ta yaɗu ita ce a nemi hawan kusan kashi 10 cikin 100. In ya wuce, ka ƙara iska washegari da sanyi. In bai kai ba, ka ɗan rage.

Kyawunta shi ne ita kaɗai ke tambayar tayar kai tsaye, da nauyinka, da hanyarka, da irin tuƙinka. Amma tana da ramuka. Masu ƙa'idar ba su daidaita ba, wasu kashi 10 gaba da baya, wasu 10 gaba 20 baya. Kashi 10 na psi 36 bai wuce 3.6 ba, in gejinka yana kuskuren psi 1, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake aunawa ya tafi. Rana ta ɗaga tsakanin awon farko da na biyu, ta ƙara nata. Ga kuma babbar matsala ga wanda ya koma radiyal: tunda ba ta zafi kamar bayas, tana iya nuna hawan kashi 6 ko 7 alhali iskarta daidai take. Wanda ya nace sai ya ga 10 zai yi ta ragewa har ya faɗa ƙasa da abin da nauyinsa ke buƙata, wato ya bi ƙa'ida ta kai shi inda ake gudu.

Don haka ina ɗaukar ta a matsayin mai tabbatarwa, ba mai yanke hukunci ba. Ka fara daga lambar kamfani, ka gwada. In hawan ya yi yawa ƙwarai, wannan gargaɗi ne na gaske, ka ƙara. In ya yi kaɗan, kar ka rage fiye da psi 2 daga inda ka fara. Ka canza taya ɗaya a lokaci guda, psi 1 ko 2, ka rubuta. Kuma ko da wasa kar ka sace iskar taya mai zafi don ka mayar da ita lambar littafi, in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ya kamata. Kuɗin hanyar shi ne geji mai kyau da haƙuri. Sabuwar taya ma a bar ta ta yi kamar kilomita 160 na tuƙi a hankali kafin a fara yi mata hukunci.

Na biyar, don a cike lissafi

Dannawa da yatsa, bugu da ƙafa, ko "ba ta yadda ka saba ba kowa". A radiyal wannan ba awo ba ne. Haka ma lambobin filin tsere, wajen psi 30 ko ƙasa, waɗanda ake kwafowa daga masu gasa: su suna tuƙin da ke dafa taya cikin mintuna, ba goyo, ba rami, kuma ba sa neman ta yi musu shekara.

| Hanya | Abin da take ci | Daɗewar taya | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Littafin babur | Babu | Mai kyau in girma da nau'i sun dace | Mafi sauƙi | Kaɗan a sabon babur, babba a tsoho |
| Kamfanin taya | Lokacin bincike | Mafi kyau bayan sauya nau'i | Matsakaici | Mafi ƙanƙanta |
| Gefen taya | Babu, sai tayar da ta suɗe a tsakiya | Gaba ba ta daɗewa, baya lafiya in da lodi | Mai sauƙi | Raunin birki a gaba |
| Gwajin zafi | Geji mai kyau da kwanaki | Mai kyau in an tsaya kusa da lambar kamfani | Mai wahala | Rage iska fiye da kima |
| Yatsa ko lambar tsere | Taya, wani lokaci har rim | Ba tabbas | Ba aiki | Babba |

Abin da iska ba za ta gyara ba

Wasu suna ta hawa da sauka da psi alhali ciwon ba a nan yake ba. Radiyal da yawa an yi su ne don faffaɗan rim. In ka matsa ta a siriri, siffarta ta tsuke, wurin taɓa ƙasa ya lalace, babu lambar da za ta daidaita shi. Haɗa nau'i biyu ma haka: radiyal a gaba da bayas a baya ba a yi. Bayas gaba radiyal baya akwai baburan da suka fito da haka daga masana'anta, kamar Honda Africa Twin CRF1000L mai 90/90-21 gaba da 150/70R18 baya, amma wannan haɗin an gwada shi, ba izini ba ne ga kowa. In rim ɗinka mai sifok ne da ke buƙatar tif, ka tabbata kamfanin tayar ya yarda a saka mata tif, ka kuma sani tif yana ƙara zafi, ƙarancin iska kuma yana iya sa tayar ta zame a kan rim ta yage bawul. Sannan in kan babur yana kaɗawa bayan sauyin, ka duba boris na wuya, na wili, da shokozoba. Radiyal tana riƙe ƙasa fiye da tsohuwar tayar, saboda haka takan tona lalacewar da da ba a ji.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai babur na zamani da ya saka radiyal daidai girman littafi: lambar littafi, awo kowane mako da sanyi, shi ke nan. Kar wani ya sa ka ƙara ko ka rage saboda harafin R.

Mai tsohon babur da littafinsa ke cewa ƙasa da psi 30: kamfanin taya za ka bi. In amsa ta yi jinkiri kuma dole ka hau, ka ɗaga kaɗan sama da littafi ba tare da ka kai lambar gefen taya ba, ka yi tuƙi a hankali, gwajin zafi ya nuna maka ko ta yi kaɗan.

Mai yawan goyo, kaya, ko doguwar tafiya da gudu: lambar cikakken lodi ta littafi. In babu ita, tayar baya ta matsa kusa da lambar gefenta, ta gaba kuma ta tsaya inda take ko ta ƙaru da psi 1 zuwa 2.

Wanda ya canza girma ko rim: ka fara tabbatar da faɗin rim da lambar nauyin tayar, ka nemi shawarar kamfani, sannan gwajin zafi ya zama wajibi a kanka, tunda babu wanda ya taɓa gwada irin haɗin da ka yi.

Mai sauka daga kwalta zuwa yashi ko tsakuwa: rage iska yana ƙara riƙo a can, amma da ƙaramin gudu kawai, kuma ka ɗauki ƙaramin famfo ka mayar da ita kafin ka sake hawa kwalta.